Levee: Kalmar da Ta Shiga Turanci Sau Uku

Idan Ba'amurke ya ce levee, abin da ke ransa shi ne doguwar ganuwar ƙasa da aka jibge a gefen kogi don ta tare ambaliya. "Lebi" suke furta ta. Baturen Ingila bai cika damuwa da ita ba, shi dyke ya gada, ko kuma embankment idan zance ya kai ga takardar hukuma. Kalmar baƙuwa ce daga Faransanci, kuma abin da ya sa labarinta ya fi na 'yan'uwanta daɗin bi shi ne sau uku tana yin sallama a Turanci, kowane zuwa da irin kayan da ta ɗauko. Zuwan farko da haraji ta zo, na biyu da zaman fada, na uku da kwandon ƙasa a ka.

Tushenta yana cikin Latinanci. A can levis na nufin abu marar nauyi, levare kuwa a rage wa abu nauyi, wato a ɗaga shi. Daga nan Faransanci ya samu lever, a ɗaga ko a tashi, sannan levée, abin da aka tayar. Ko sunan Levant da Turawa suka laƙaba wa ƙasashen Sham daga wannan gida ya fito, don ta can suke ganin rana na tasowa. Ka ga ke nan babu ruwa a cikin ma'anar kalmar, babu kogi, babu alkawarin kariya. Ɗagawa kawai ta ce. Wa ya ɗaga, da umarnin wa, wannan kuma sai an shiga tarihi.

Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da baitulmali na wajen ƙarni uku. A cikin kalmomin mulki da suka zauna daram a wannan zamani akwai levée, wadda bakin Ingilishi ya mayar levy: tayar da haraji, ko tayar da mayaƙa. Wanda ya taɓa biyan kuɗin ci-gaba a kasuwa ko a makarantar 'ya'yansa a Najeriya ya ga wannan kalma a kan rasiɗi, sai dai ba lalle ya san ita da ganuwar kogin Mississippi uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Su ma Faransawa ba su saki wannan ma'ana ba. A watan Agustan 1793, da maƙiya suka yi wa juyin juya halinsu zobe, levée en masse suka kira dokar da ta tattara samarin ƙasa zuwa fagen daga.

A daidai lokacin da levy ke samun gindin zama a Ingila, kalmar tana can tana wani aiki a bakin kogin Loire, kogi mafi tsawo a Faransa, mai tafiyar kusan kilomita dubu. Loire kogi ne marar tabbas, da rani sai ka ga yashi fal a tsakiyarsa, idan ya kawo kuwa ya shafe kwari. Manoman yankin Anjou sun daɗe suna tayar da 'yan ƙananan shingaye na ƙasa da ƙiraruwa da suke kira turcie. Wajen 1160 Henry na Biyu, wanda yake sarkin Ingila kuma mai mulkin Anjou, ya ba da umarni a haɗa su su zama ganuwa mai tsawo, aka zaunar da mutane a kanta, aka ɗauke masu wasu haƙƙoƙin sarki da sharaɗin su riƙa gyara ta. Sannu a hankali sunan levée ya rinjayi turcie, har sarautar Faransa ta kafa ma'aikata ta musamman mai ɗauke da sunayen biyu. A zamanin Louis na Sha Huɗu waziri Colbert ya matsa a ƙara wa ganuwar tsayi da kauri, da fatan ruwa ba zai sake haye ta ba. Ya haye. A 1846 da 1856 da 1866 Loire ya fasa ta a wurare da yawa, shekara goma-goma kamar da alkawari.

Abin lura shi ne, duk da sarki ɗaya ke riƙe da Anjou da Ingila, wannan ma'ana ba ta ƙetare teku ba a lokacin, don Ingilishi suna da tasu kalmar tun kaka da kakanni. A tsohon Turanci dic na nufin rami, yana kuma nufin tudun da ke gefen ramin. Wannan ba ruɗu ba ne, aikin ne ɗaya. Duk wanda ya san tsohon birnin Kano ya san kududdufan unguwa ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje ne, ba ka samun katanga sai ka bar rami a wani wuri. Daga baya kalmar ta rabu biyu: mutanen kudu suka tausasa ƙarshenta ta zama ditch, ta tsaya a kan rami, na arewa da gabas, inda harshen mutanen Scandinavia ya yi tasiri, suka riƙe dike. Har yau a wasu yankunan gabashin Ingila dyke magudanar ruwa ce, ba ganuwa ba. Katafaren shingen nan da ake dangantawa da Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, a kan iyakar Wales, ya haɗa duka biyun, rami da tudu. Mutanen Holan suna da 'yar'uwarta, dijk, kuma daga wajensu Faransanci ya ari digue, kalmar da ake ji yau a Yamai idan kogin Kwara ya cika ana fargabar unguwannin bakin ruwa.

Zuwa na biyu ba shi da alaƙa da laka ko kaɗan. A fadar Louis na Sha Huɗu, musamman bayan ya tare a Versailles a 1682, tashin sarki daga barci biki ne mai tsari, lever du roi. Wajen ƙarfe takwas na safe babban baran ɗaki zai tashe shi. Likitoci su shiga, sai 'yan gidan sarauta, sai manyan fadawa rukuni-rukuni, kowa da lokacin da ake buɗe masa ƙofa gwargwadon matsayinsa. A gabansu ake yi masa aski, ya sa kaya, ya yi addu'a. Miƙa wa sarki taguwa girma ne da ake ba wanda ya fi kowa daraja a ɗakin. Mai karatu na iya yin dariya, amma Louis ya san abin da yake yi. Ya ga tawayen manyan ƙasa yana yaro, don haka ya gwammace su ƙare ƙarfinsu wajen rububin wa zai tsaya kusa da gado, da su zauna a garuruwansu suna tara dakaru.

Charles na Biyu na Ingila, wanda uwarsa Bafaranshiya ce kuma ya yi wani ɓangare na gudun hijirarsa a Faransa, ya koma gadon sarauta a 1660, kuma cikin shekarun 1670 kalmar levee ta bayyana a rubutun Turanci da ma'anar gaisuwar safe a wajen babban mutum. A Ingila ta bar ɗakin kwana, ta bar safiya ma. Ta zama zaman fada na maza zalla da ake yi da rana a fadar St James's, inda ake gabatar da hafsoshi da jakadu ga sarki, har zuwa 1939 da yaƙi ya kawo ƙarshen al'adar. Shugaban Amurka George Washington ma ya ɗauke ta. Kowace Talata daga ƙarfe uku zuwa huɗu na yamma yakan tsaya ya karɓi baƙi, ya ɗan rusuna, ba ya ba kowa hannu. 'Yan adawa suka ce wannan warin sarauta yake yi, ƙasar da ta kori sarki me ya haɗa ta da fadanci. Thomas Jefferson na hawa mulki a 1801 ya soke zaman. A Kanada ne ta yi tsawon rai, inda har yanzu wakilan sarauta da magadan gari ke buɗe ƙofa ranar 1 ga Janairu jama'a su zo gaisuwar sabuwar shekara, da wannan suna dai.

Zuwa na uku shi ne wanda ya ci sauran. A 1718 Jean-Baptiste Le Moyne de Bienville ya zaɓi wata kwanar kogin Mississippi ya kafa New Orleans da sunan wani kamfanin Faransa da John Law ke jagoranta. Wurin da ya zaɓa ɗan tudu ne da kogin da kansa ya gina. Duk sa'ad da ruwa ya yi ambaliya, yashi mai nauyi a bakin gaɓa yake fara zubewa, laka mai laushi ta wuce can nesa, shi ya sa a wannan ƙasa bakin kogi ya fi ko'ina tudu, kana nisa da shi kana gangarawa cikin fadama. Masana ƙasa daga baya sun ari kalmar suka kira irin wannan tudu levee na halitta. Amma tudun bai isa ba. A 1719 ruwa ya shiga 'yan bukkokin garin, injiniyoyin kamfani suka ce sai an yi levée irin ta gida. Zuwa 1727, a zamanin Gwamna Périer, an kammala ganuwa mai tsawon kusan mil ɗaya a gaban garin, tsayinta bai fi mita ɗaya ba.

Su wa suka ɗauki ƙasar? A 1719 ɗin nan ne jiragen bayi na farko suka iso Louisiana, yankin da New Orleans take, daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma cikin shekara goma sha biyu da suka biyo an kawo mutum wajen dubu shida, mafi yawansu daga yankin kogin Senegal da Gambiya, da Bambarawa da dama a cikinsu. Su ne suka haƙa, suka ɗauka, suka daɓe. Hukuma ta yanka gonaki dogaye sirara, kowace da goshinta a bakin kogi, ta ɗora wa mai gona nauyin ganuwar da ke gabansa. Dokar 1743 ta ce wanda bai gama tasa ba zuwa farkon shekara mai zuwa za a ƙwace filinsa. Mai gona kuwa ba shi ke riƙe da shebur ba. A nan ne ma'anar farko da ta uku suka haɗu: ba a taɓa tayar da levee ba sai an tayar da levy, na kuɗi ko na wuyan mutane.

Louisiana ta koma hannun Sifaniya a shekarun 1760, ta dawo wa Faransa, sannan Napoleon ya sayar wa Amurka ita a 1803 a kan dala miliyan 15. Amurkawan da suka kwararo sun tarar da abin da sunansa, suka karɓa duka, har da sauran kalmomin kogi na Faransanci: crevasse, ɓarakar da ruwa ke yi a ganuwa, da batture, filin da ke tsakanin ganuwa da ruwa. A watan Mayun 1849 irin wannan ɓaraka a gonar wani mai suna Pierre Sauvé, can sama da birnin, ta zagayo ta baya ta cika unguwanni, mutum wajen dubu goma sha biyu suka rasa matsuguni.

Daga nan kalmar ta fara 'ya'ya. Jirgin ruwa mai tururi na farko ya iso New Orleans a watan Janairun 1812, kuma da yake a kan ganuwar ake sauke auduga da sukari, levee ta zama sunan mashigin jirage. Ta bi kogi da rassansa sama har St. Louis da Memphis da Cincinnati, inda abin da ake kira levee ba ya tare ruwan komai, gangara ce kawai da aka shimfiɗa wa duwatsu don jirgi ya jingina. Inda 'yan dako da matuƙa ke karɓar lada kuwa ba a rasa mashaya da gidan caca, sai sunan ya ɗauki wannan wari. Shi ya sa unguwar karuwai mafi suna a Chicago, wadda aka rufe wajen 1912, Levee ake ce mata, alhali babu wata ganuwa a wurin.

Babbar gardamar ƙarni na sha tara ita ce ko ganuwa kaɗai ta isa. Injiniya Charles Ellet ya gaya wa gwamnati a 1852 cewa matse kogi tsakanin ganuwa biyu yana tilasta wa ruwan hawa sama, don haka a bar masa mafita, a kuma yi madatsu a rassansa. Andrew Humphreys na rundunar injiniyoyin soja, a rahotonsa na 1861, ya tsaya a kan ganuwa. Aka kafa Hukumar Kogin Mississippi a 1879, kuma ba da jimawa ba ta rungumi manufar "ganuwa kaɗai", bisa tunanin cewa ruwan da aka matse zai ƙara gudu ya yashe gindinsa da kansa. Aka bi mafitun kogin ana toshewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ambaliya ta zo ta fi ta baya tsayi, amsar hukuma kuma ba ta sauya ba, a ƙara ƙasa. Bauta ta ƙare a 1865, amma aikin bai sauya hannu ba. Sansanonin gina ganuwa sun cika da baƙaƙen fata masu korar alfadarai, da fursunonin da jihohi ke ba 'yan kwangila haya, kuma sunan waɗannan sansanoni ya zama abin tsoro a duk faɗin yankin.

A 1926 shugaban injiniyoyin soja ya ba da tabbacin cewa ganuwar ta kai matsayin hana mummunar ambaliya. Aka yi ta ruwan sama tun daga ƙarshen wannan shekara har bazarar 1927. Ganuwa ta fashe a wurare 145, ruwa ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 70,000, mutum fiye da 600,000 suka bar gidajensu. Ɓaraka mafi muni ta auku ranar 21 ga Afrilu a Mounds Landing, sama da garin Greenville, inda ruwa ya tafi da ma'aikatan da aka tilasta wa jibga buhunan yashi. A Greenville ganuwar ce kaɗai busasshen wuri, sai baƙaƙen fata wajen 13,000 suka taru a kanta. William Alexander Percy, mai kula da agaji, ya nemi jiragen ruwa su kwashe su, amma masu gonakin auduga suka ji tsoron idan leburori suka tafi ba za su dawo ba, suka bi ta wajen mahaifinsa, tsohon sanata LeRoy Percy, aka fasa. Jiragen suka tashi da 'yan fararen fata ƙalilan. Waɗanda aka bari aka sa masu dakaru da bindiga, suna sauke kayan agaji ba lada.

Can ƙasa kuma manyan bankunan New Orleans suka shawo kan gwamna a fasa ganuwa da gangan don a rage wa birnin nauyi. Ranar 29 ga Afrilu aka fara sa nakiya a Caernarvon, ruwa ya malale yankunan St. Bernard da Plaquemines, ya kori mutum wajen dubu goma, galibi masunta da masu tarkon namun fadama. Daga baya ta bayyana ba a ma buƙaci hakan ba, ɓarakokin sama sun riga sun rage ruwan. Diyyar da aka yi masu alkawari kaɗan ce ta isa hannunsu. Tun daga ranar, duk lokacin da ganuwa ta fashe a unguwar talakawa a New Orleans sai an samu masu rantsuwa cewa fasa ta aka yi, kuma wanda ya san 1927 ba zai yi saurin ce masu mahaukata ba.

Wannan ambaliya ce ta fitar da kalmar daga kwarin Mississippi. Dubban baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa Chicago da sauran biranen arewa da labarin a bakinsu. A 1929 Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy suka ɗauki waƙar "When the Levee Breaks" a faifai, kuma a 1971 mawaƙan Ingila na Led Zeppelin suka sake ta, har matasan da ba su taɓa ganin Mississippi ba suka san kalmar. A ɓangaren hukuma, dokar 1928 ta binne manufar ganuwa kaɗai, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin kogin, aka koma ga shawarar Ellet bayan shekara saba'in da shida. Aka gina mafitar Bonnet Carré a 1931 mai karkatar da ruwa zuwa tafkin Pontchartrain, sai ta Morganza a 1954, wadda sau biyu aka buɗe ta, a 1973 da 2011.

Sai dai akwai bashin da ganuwa ke ci a ɓoye. Lakar da a da take malala ta ƙara wa fadama tudu yanzu tana wucewa kai tsaye cikin teku, kuma tun daga shekarun 1930 Louisiana ta yi asarar ƙasar gaɓa wajen murabba'in kilomita 5,000, ko da yake hanyoyin ruwan da kamfanonin mai suka yanka suna da nasu kason laifin. A cikin birni kuma manyan famfunan da A. Baldwin Wood ya ƙirƙiro a 1913 sun tsotse fadama aka yi gidaje, ƙasar ta bushe ta nutse, har kusan rabin New Orleans ya koma ƙasa da matakin teku. Ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta turo ruwan teku ta baya, aka samu ɓaraka fiye da hamsin, kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, mutum fiye da dubu suka mutu. Tsohuwar ganuwar bakin kogi, jikanyar ta 1727, ta tsaya a cikin birnin. Waɗanda suka fi yin ɓarna katangun kankare ne da aka kafa a kan farantan ƙarfe a gefen magudanan 17th Street da London Avenue, sun kife tun ruwa bai kai bakinsu ba, kuma a 2006 rundunar injiniyoyin soja ta amsa cewa kuskuren zane ne. Duk da haka levee kowa ya kira su, daga 'yan jarida har majalisa, don zuwa lokacin kalmar ta riga ta haɗiye duk wani abu da ke tsaye tsakanin mutum da ruwa, na ƙasa ne ko na kankare.

A yau a Amurka kalmar tana da ma'ana ta shari'a, kuma kuɗi ne ke bin ta. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya tana amincewa da ganuwa ne idan injiniyoyi sun shaida za ta iya tare ambaliyar da yiwuwar zuwanta a kowace shekara ɗaya ne cikin ɗari, da rarar tsayi na ƙafa uku a bakin kogi. Gidan da ke bayan irin wannan ganuwa ba a tilasta wa mai shi sayen inshorar ambaliya kafin banki ya ba shi bashi, shi ya sa ƙananan hukumomi ke fafutukar samun takardar, masu gine-gine kuma ke cika bayan ganuwar da gidaje. Sabon tsarin da aka gina wa New Orleans bayan Katrina ya ci dala biliyan 14 da wani abu. Na da, tsarin kariya daga guguwa ake kiransa. Wannan karon injiniyoyin soja sun cire kalmar kariya daga sunan, suka sa rage haɗari.